Dala bakwai

Mutumina, sallama. Ya Kumasi, ya Hajiya da yaran? Shiru kamar malam ya ci shirwa, ko kuɗin goron ne ya fara shigowa ka daina ɗaga wayar talakawa?

Wani abu ne ya hana ni sakat sai na faɗa maka. Wasiƙun wani kofur baƙar fata nake ta karantawa, James Henry Gooding, na runduna ta 54 ta Massachusetts a yaƙin basasar Amurka. Cikin bauta aka haife shi, 1863 ya shiga soja, daga sansani yake rubuto wa jaridar garin New Bedford halin da suke ciki, ga yashin tsibirin Morris, ga haƙar ramuka dare da rana igwa na zuba a kansu, ga harin da suka kai wa Fort Wagner, sansanin abokan gaba, ran 18 ga Yuli da aka kashe kanar ɗinsu Shaw da ɗimbin 'yan uwansu.

Amma abin da ya tsaya min a rai maganar albashi ce. Farar fata dala 13 a wata, su kuma 10, a cire 3 wai kuɗin kaki, saura 7. Wallahi mutanen nan suka ƙi karɓar ko sisi sama da shekara, iyalansu na wahala a gida, kuma ba su fasa fita daga ba. Gooding ne ya zauna ya rubuta wa shugaba Lincoln, yana tambaya shin su sojoji ne ko leburori. Kai da ko canjin mai shayi ba ka yafewa, da ka yi kwana nawa?

Af, mai shayin namu ya ƙara aure, yanzu bashi ya haramta a teburinsa.

A Fabrairun 1864 aka harbi Gooding a yaƙin Olustee da ke jihar Florida aka kama shi, ya rasu a kurkukun Andersonville a watan Yuli, wata guda bayan majalisa ta daidaita albashin. Kuɗin bai taɓa shiga hannunsa ba. Abin ya yi min ciwo sosai.

Kuma ka san a runduna ta 55 akwai ɗan Kukawa, Nicholas Said? An kama shi yana yaro aka ƙetara Sahara da shi, Tarabulus, Istanbul, Rasha, har ya ƙare da kakin Amurka. Ka gaya wa Babarbaren maƙwabcinka, zai cika mana baki.

Ka turo min takalman kafin Sallah. A gaida Baba.