A shigar da sigarin lantarki cikin dokar hana shan taba a rufaffun wurare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini don in ja hankalin 'yan majalisar tarayya kan wata ɓaraka a Dokar Taƙaita Shan Taba ta 2015. Dokar ta hana busa taba a asibiti, makaranta, ofis da motar haya, to amma an gina ta ne a kan kayan da aka sarrafa da ganyen taba. Sigarin lantarki ba ganye a cikinsa, ba a kuma ƙyasta masa ashana. Shi ya sa matashi zai zaro shi a gidan abinci ya cika wa jama'a fuska da tururi, in an yi magana ya ce ai ba taba ba ce.

Batir ne a cikin sigarin yake ɗumama wata siririyar waya da aka naɗe da auduga. Audugar tana tsotso ruwa mai haɗin gilisarin, nikotin (sinadarin da ke sa jarabar taba) da ƙamshin mangwaro ko na'ana'a, wayar ta mayar da shi tururi. Wannan tururin yana ɗauke da nikotin da ƙananan ɓurɓushi masu shiga can cikin huhu. Idan ruwan ya yi ƙasa, auduga ta bushe ta fara ƙonewa, sai a samu sinadarin fomaldehaid, wanda yana cikin masu jawo kansa. A ɗakin da aka rufe tagogi aka kunna esi abin ya fi muni, domin irin esin da ake mannawa a bango iskar ɗakin kawai yake juyawa, ba ya shigo da sabuwa. Mai asma da jaririn da ke goye su ma sai sun shaƙa.

Jihar New York ta Amurka ta toshe wannan kafa a 2017, inda ta sa sigarin lantarki cikin dokarta ta tsaftar iskar cikin gini. A shekarar ce Faransa ta hana shi a makarantu, motocin haya da ofisoshin da ma'aikata ke zama tare, ta kuma wajabta manna sanarwa.

Gyaran da nake so a yi mana shi ne ma'anar shan taba ta haɗa duk na'urar da ake zuƙa tana fitar da tururi, da nikotin ko babu. Wannan sharaɗin na ƙarshe tilas ne, don jami'in duba-gari ba shi da abin gwada ruwan a nan take, kowa kuwa cewa zai yi nasa babu nikotin. Sannan a ɗora wa mai wurin alhakin manna alamar hani a bakin ƙofa, tara ta hau kansa idan ya kau da kai.

Naku,
Wani ma'aikacin lafiya, Kano