"Dowry" ba sadaki ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili domin in ja hankalin masu fassara labarai kan kalmar Turanci "dowry", wadda aka saba mayarwa "sadaki" a Hausa. Wannan fassara ta juya hannun mai bayarwa da mai karɓa.

Turawan Ingila sun aro kalmar daga tsohon Faransanci, "douaire", shi kuma ya samo ta daga "dos" na Latin, mai tushe ɗaya da "dare", wato bayarwa. A dokar Rumawa, "dos" dukiya ce da uban amarya ke miƙa wa ango don ɗaukar nauyin gida. Da wannan ma'ana ta ci gaba. A yarjejeniyar 1661, da aka shirya auren Catherine ta Braganza, gimbiyar Fotugal, da Sarki Charles na Biyu na Ingila, Fotugal ta miƙa wa Ingila Bombay (Mumbai ta Indiya a yau) da Tanja (a Maroko). Garuruwa biyu sukutum, kuma daga gidan amarya suka fito.

Sadaki kuwa daga Larabci yake, ango ne ke bayarwa, kuma haƙƙin amarya ne ita kaɗai, kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nisa'i ta faɗa. Mafi ƙarancinsa a Malikiyya rubu'in dinari ne ko dirhami uku. Dinari giram 4.25 na zinare ne, ka ga rubu'insa ya ɗan haura giram ɗaya.

Ga inda ɓarnar take. Indiya ta haramta "dowry" tun 1961 saboda yadda dangin ango ke matsa wa iyayen amarya, har a kai ga kisan amarya. In aka rubuta "an haramta sadaki", mai karatu a Gusau ko Talata Mafara zai ɗauka an soke sharaɗin aure. A takardar kotu abin ya fi muni, domin a wajen khul'i sadaki mace ke mayarwa, ba gadonta da kujerunta ba.

Gara da kayan ɗaki su suka fi kusa da "dowry", tunda iyayen amarya ke yinsu. Amma ko su da sauran bambanci: kayan ɗaki na matar ne, in aure ya mutu ta kwashe abinta. In labarin Indiya ne, gara a rubuta "dukiyar da iyayen amarya ke ba ango".

Naku,
Mai karatu daga Gusau, Jihar Zamfara