Wane "ƙauye mai wayo" kuma, Malam Edita?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na rediyo na daren Laraba kan "ƙauye mai wayo", wato ƙauyen da na'urorin zamani za su riƙa yi wa aiki, ne ya sa na ɗauki biro, don har yanzu raina bai huce ba. Baƙon da kuka gayyato ya shafe kusan awa guda yana ba mu labarin na'urar da za a binne a gona ta riƙa sanar da manomi cewa ƙasa na jin ƙishi, da jirgi marar matuƙi mai feshin magani, da likitan da zai duba mara lafiya ta waya. Duk mun ji. Amma ko sau ɗaya mai gabatarwa bai tambaye shi da wace wuta za a kunna waɗannan abubuwa ba. Sai "haka ne, Dakta, haka ne" kawai yake yi.

Ni malamin firamare ne, ina kuma taɓa noma. Tiransifomar garinmu ta ƙone shekara uku ke nan, har yara sun mai da wayoyin igiyar shanya. Wayata kullum tana shagon mai caji, naira ɗari biyu, idan sola ɗinsa ta samu rana. Turken sabis ɗaya ne a yankinmu, da janareta yake aiki. Ranar da man gas ya ƙare, ko ɓarayi suka kwashe batura, shi ke nan, mun fita daga duniya. Akwai wani suri a bayan makabarta, nan ne ofishin sadarwarmu. Da yamma za ka ga dattawa sun jeru a kansa, kowa ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.

Daren da naƙuda ta zo wa mai ɗakina da gardama, a kan surin nan na tsaya, cikin yayyafi, ina neman mai mota. Sau goma sha ɗaya na kira kafin ta shiga. Allah ya sa an sauka lafiya, amma da na ji Dakta yana cewa asibiti zai dawo cikin aljihunmu, wallahi kashe rediyon na kusa yi.

Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 ma mun ga wayon. Na sayar da buhun gero biyu ranar kasuwa, mai saye ya ce ya tura, na wuni gindin mai POS ina jiran alat, ba ta shigo ba sai bayan kwana biyu. Kuma ai mun ji alƙawarin da gwamnati ta yi a 2020 cewa intanet mai sauri zai kai ga kashi 70 cikin ɗari na jama'ar ƙasar nan kafin ƙarshen 2025. A 2022 aka kawo sabis mai sauri na 5G birane, a Janairun 2025 aka amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data. Ƙarin ya iso mu a kan lokaci, sabis ɗin ne bai san hanyar garinmu ba. Me ya hana ku karanta wa baƙon naku wannan?

Ba ƙin ci gaba nake yi ba. Ɗalibaina da suka kai ga jarrabawar JAMB, wasunsu a zauren jarrabawar suka fara taɓa kwamfuta. Na fi Dakta son a gyara. Ku aiko wakilinku ya kwana biyu a nan da wayarsa, in ya iya aiko muku da rahoto ba tare da ya hau suri ba, ni zan biya masa kuɗin mota.

Sannan don Allah ku duba tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa bayan sallar isha'i. Lokacin ne muke zaune da iyali ana cin tuwo, kuma kalaman da ke fita daga bakin wasunsu ba su dace da kunnen yara ba. Sau biyu ina sa babban ɗana ya rage murya.

Wasiƙar ma a takarda na rubuta, direban motar kasuwa zan ba ya kawo muku.

Naku mai sauraro kullum,
wani malamin makaranta daga karkarar Jigawa