Amsa Ga Malamin Da Ya Ƙalubalance Ni Kan Hiroshima

Assalamu alaikum, Malam.

A gidan rediyo, kunnen jama'a na ji, ka tambaye ni: da ɗana na cikin sojojin Amurka da ake shirin saukewa a gaɓar Japan a 1945, ashe ba zan roƙi a jefa bom ɗin nukiliya ba? Ka ƙara da cewa ƙin jinin Amurka ne ke cina. Wannan zargin ba zan tsaya a kansa ba, don masu karanta ni sun san ban taɓa sassauta wa sojojin Japan kan ta'asar da suka yi a birnin Nanjing na China ba. Tambayar ce ta sosa min rai, domin ka nuna ni a matsayin wanda bai san ciwon ɗa ba. Ina kuma zaton da gangan ka zaɓe ta, don ka san tana rufe bakin duk mai haihuwa.

Na san ciwon ɗa, Malam, shi ya sa nake magana. Ranar 6 ga Agusta, ƙarfe takwas da kwata na safe, lokacin da bom ɗin ya faɗa, dubban 'yan makarantar Hiroshima suna tsakiyar gari, an fito da su aikin rushe gidaje don datse hanyar gobara in an kawo hari. Yawancinsu ba su koma gida ba. Kafin shekarar ta ƙare mutum kusan 140,000 sun mutu a can, wasu kusan 70,000 a Nagasaki. Su ma akwai iyayen da suka haife su.

Ka ce dole ce ta sa. Leahy, babban hafsan da ke tare da Shugaba Truman, ya rubuta daga baya cewa Japan ta riga ta karye, bom ɗin bai taimaka ba. Janar Eisenhower ma ya ce ya faɗa wa sakataren yaƙi Stimson babu buƙata. Su ma ƙin Amurka ne ke cinsu? Tun watan Yuni wasu daga masanan da ke aikin makamin suka ba da shawarar a tayar da shi inda babu kowa, duniya ta gani. Ba a saurare su ba. Kuma ko mutum ya yafe na farko, me zai ce kan na biyu, na Nagasaki? Kwana uku kacal tsakani, a ranar da sojojin Sobiyet suka kutsa Manchuria, yankin China da Japan ta mamaye, ba a ma jira a ga abin da hakan zai jawo a Tokyo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan "dole" taka ba ta da mai ita. Ƙasashe tara ke riƙe da makamin yau, kowacce tana iya rantsewa cewa 'ya'yanta take cetowa. Mu kuwa ba a taɓa shawara da mu ba. A 1960 Faransa ta tsallake ƙasarta ta zo Reggane, a Saharar Aljeriya, ta yi gwajinta. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a farkon 1961 saboda haka. Ina so ka koma gidan rediyon ka faɗa wa masu sauraro ko Ɓalewa kuskure ya yi.

Wassalam.