Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan kallon batsa

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Akwai maganar da kunya ta hana ni yi maka ido da ido, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ban binciki wayarka ba, kuma ba zargin ka nake yi ba. A 2023 Kwamishinar Yara ta Ingila ta fitar da rahoto cewa a matsakaicin lissafi yaro yana da shekara 13 yake fara cin karo da batsa, kuma kashi 79 cikin ɗari na matasan da aka tambaya sun ga irin wadda ake nuna mugunta a ciki kafin su cika 18. Kai ka wuce waɗannan shekarun. In ka taɓa gani, ba zan yi mamaki ba.

Ba zan ce maka duk mai kallo zai zama mai fyaɗe ba, don ka san ƙarya ce, daga nan kuma ka daina saurare na. Danmak ta halatta hotunan batsa a 1969, masanin laifuka Berl Kutchinsky ya bi ƙididdiga bai ga fyaɗe ya ƙaru saboda haka ba. Amma a 2016 Paul Wright da abokan aikinsa sun haɗa bincike 22 daga ƙasashe 7, suka ga masu kallo sun fi faɗawa tilasta wa wasu, da baki ko da ƙarfi. Bayanin masanin halayyar ɗan Adam Neil Malamuth ne ya fi kwanta mini: haɗarin ya fi yawa ga namijin da dama yake raina mata. Wuta tana nan, batsa ta zuba mata fetur.

Abin da ke hana ni barci shi ne darasin da ke ciki. Mace ta ce a'a, a nuna maka wasa take. A mare ta, a shaƙe ta, a nuna daɗi take ji. Wanda ya shekara yana kallon haka, ranar da wata ta ce masa "bari" da gaske, kunnensa ya riga ya toshe. Zuciya kuma tana sabawa. Abin da ya tayar maka da hankali bara, bana sai ka nemi wanda ya fi shi.

Hoton tsiraicin yaro ko yarinya kuwa, wannan ya wuce kallo. An ci zarafin wani kafin a ɗauka, kuma ajiye shi kawai a waya laifi ne da ake ɗaure mutum a kai a yawancin ƙasashe. In abokai suka turo hoton wata, kada ka tura gaba, ko da ita ta ɗauki kanta.

Idan ka gwada bari ka kasa, kira ni. Ba zan yi faɗa ba, za mu nemi likitan da ya san abin. Mahaifiyarka ba ta san na rubuto ba.

Mahaifinka