Wasiƙa daga Yamai

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da su Hajiya da duk mutan gida. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafin Yamai da ka sani.

Saƙonka ya iso, har da tsokanar da ke cikinsa. Wai me nake nema a Faransanci, bayan sojojin Faransa sun kwashe komatsansu tun 2023, kuma a 2025 gwamnati ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa? To, ka ji. Ba koyon magana ya kawo ni Jami'ar Abdou Moumouni ba, wannan tun firamare aka ɗura mana. Kimiyyar harshe muke yi: a feɗe harshen, a ga yadda sautinsa da jumlarsa suke aiki, da inda ya samo asali.

Darasin furuci ya fi ban dariya. Ka ga ƙarti da gemu, kowa ya ɗora yatsa a karan hanci yana jan wasali, don ya ji rawar da hanci ke yi a wasulan da Faransawa ke fitarwa ta nan. Wani kuma da ɗan madubi yana duba ko ya tsuke leɓe yadda ya kamata. Mu Hausawa kunnenmu ya saba da karin sauti da tsawon wasali, Faransanci kuwa ba ruwansa da karin sauti wajen bambanta ma'ana. Nasa rikicin daban ne: baƙin ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a faɗa, sai in kalmar gaba ta fara da wasali ya farfaɗo.

Amma tarihin ne ya kama ni. Ashe wannan harshe da ake yi mana taƙama da shi Latinancin talakawa ne da sojoji, wato harshen tsohuwar daular Rum, ya yi ta lanƙwashewa a bakin jama'a. Rubutunsa mafi daɗewa da ake da shi wata rantsuwa ce da sarakuna biyu 'yan uwa suka yi a garin Strasbourg a 842. Sai a 1539 Sarki François na ɗaya ya ba da doka a riƙa rubuta takardun shari'a da mulki da shi. A 1794 wani limamin coci, Grégoire, ya kai wa majalisa rahoto cewa masu jinsa sosai a Faransa ba su wuce miliyan 3 ba. Saura kowa da yarensa. Ka tuna abin nan da iyayenmu ke ba da labari, wanda ake rataya wa yaro a wuya in ya yi Hausa a lakwal, wato makarantar boko? Haka aka yi wa 'ya'yan yankin Bretagne a cikin Faransa kanta. Tun da na san wannan, in wani ya ƙure ni kan kuskuren nahawu gabana ba ya faɗuwa.

Aikin bincikena kan Faransancin 'yan kabu-kabu da 'yan kasuwa nake so in yi, yadda suke cuɗa shi da Hausa da Zabarmanci. Wasu suna ce masa gurɓatacce. Ni dai na ga yana da ƙa'idarsa, kuma ita nake son fitarwa.

Don Allah in ka shiga Sabon Gari ka duba min littafi kan tsarin sautin Hausa, ka ba direbobin Maraɗi. A gaida Hajiya, a ce ta sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso.

Naka,
Amininka na Yamai