Wai na'urar sikanin za ta magance gigin tsufa?

Malam Edita, salamu alaikum. Kakarmu yanzu sai ta idar da sallah ta sake tayarwa, jiya ma carbinta muka tsinta cikin tukunyar miya, shi ya sa na kasa kunne da na ji wai irin sautin nan na sikanin masu ciki ana harba shi cikin ƙwaƙwalwa. A Jami'ar West Virginia ta Amurka, su Dakta Ali Rezai sun gwada, suka fitar da sakamakon a 2024, sautin yana ɗan buɗe shingen da ke hana magani shiga ƙwaƙwalwa, amma fa mutum 3 kacal aka yi wa, gwaji ne kawai. Don Allah ku gayyato mana likitan ƙwaƙwalwa ya yi bayani kafin 'yan damfara su fara tallarsa a WhatsApp.

Naku,
Mai karatu daga Zariya